Kashi na Uku: Yaya Mutari

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a ajinmu na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta Matameye, ko da yake Allah Ya sani na sha gwada mantawar. Mushenmu, wato malaminmu na Faransanci, shi ne ya ce kafin bak, jarrabawar gama lise, mu haɗa fim na minti goma, mu tambayi waɗanda suka riga mu gama lise abin da suka zaɓa daga baya. Bai rufe baki ba wajen tambayar wa zai shugabanci aikin, hannuna yana sama. Ni ne na ɗaya a aji lokacin, ina tafiya kamar an riga an ba ni ofis a Yamai.

Mu biyar muka zauna bayan an tashi. Na ɗauki alli na raba allo gida uku. Kashi na ɗaya, waɗanda suka tafi jami'a a Damagaram. Na biyu, masu sana'a. Na uku kuwa na rubuta shi da manyan baƙaƙe: waɗanda suka faɗi. Na ce musu fim ba ya kama zuciya sai an nuna wa ƙananan ɗalibai mutumin da bai kamata su zama ba.

Hadiza, wadda ta fi mu hankali duka, ta ce, "To wa zai yarda ya zauna a nuna shi a haka?"

Na ce, "Bar mini wannan. Ina da shi a gida."

Yaya Mutari nake nufi, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Sau biyu bak tana kayar da shi, ya haƙura ya kama zuwa cin rani Kano, inda yake da teburin shayi. A lokacin ya dawo gida sharar gona. Na rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin kashi na uku, na ƙara da umarni: a ɗauke shi a bakin gona, da tsohuwar riga, a matso da hoto kan hannuwansa. (Har layi na ja a ƙarƙashin hannuwan. Ni fa gwani.)

A gida ce masa na yi fim ne kan samarin gari da suka tsaya da ƙafafunsu. Wallahi ban taɓa ganin ya yi murna haka ba. Ya gaya wa Inna, ya gaya wa maƙwabta, ya kai shaddarsa ta Salla wajen mai guga. Da ya ji ba mu da abin ɗaukar hoto, ya ce salularsa ta fi ta kowa, zai kawo mana. Tun daga ranar ya laƙaba mini Direkta.

Mun yi da shi ranar Larabar da nake faɗa, ƙarfe huɗu, a bakin ƙofar lise, ni zan fito in karɓa. Ya zo uku da rabi. Mai gadi ya san shi, ya bar shi ya wuce, kuma ba ya bukatar a nuna masa hanya, don a wannan ajin ya yi shekara biyu.

Ina tsaye na juya wa ƙofa baya, ina nuna wa 'yan aikin shirin da na sake rubutawa a allo da Faransanci. "In kun ga bai karaya ba, ku tambaye shi yadda ya ji ranar da aka karanta sakamako har ƙarshe bai ji sunansa ba. Can ne zai yi hawaye. Kada mai ɗauka ya tsaya."

Hadiza ta sunkuyar da kai. Na juya.

Yana tsaye cikin farar shadda, salula a hannu, yana karanta allon layi-layi. Wautata ta kai na ɗan yi fatan Faransancin zai rufa mini asiri. Mutumin da ya koya mini karatu a kan tabarmar Inna, shi nake fata ya kasa karanta sunansa. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai "Yaya, ai shiri ne kawai."

Ya ajiye salular a kan tebur, a hankali.

"Direkta, da ka faɗa mini gaskiya da ban wahalar da mai guga ba." Ya sake duban allon. "Tsohuwar rigar tana gida. In je in sako ta, ko hannuwan kawai kuke so?"

Da zagina ya yi, ko ya kwaɗa mini mari a gaban ajin, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Washegari ya tafi gona da tsohuwar rigar, ya aiko a kira mu, ya ce alkawari ne. Na miƙa wa Hadiza salular, ita ce ta ɗauka. Ba wanda ya yi masa tambayar nan. Shi da kansa ya ba da labarin ranar sakamakon, yadda ya yi ta zaga gari har la'asar don ya rasa fuskar da zai shiga gida da ita. Bai yi hawaye ba. Ni ne na koma bayan wata bishiyar gawo na yi nawa. Na cire kashin gaba ɗaya, fim ɗinmu ya fito gurgu, mushe ya ce aikin bai cika ba.

Na ci bak. Na gama jami'a, na ajiye takarduna a ofisoshin da ba na iya ƙirgawa, shekara uku shiru. Ranin bana na bi Yaya Mutari Kano, ni ke soya ƙwai. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya nuna ni ya ce, "Ƙanena ne, ya gama jami'a." Na sha duban fuskarsa ko zan ga alamar ramuwa, in samu in huta. Babu. Da gaske yake alfahari da ni, kuma wannan ne ke ci mini rai kullum.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In an ba ka alli kana ɗan shekara goma sha tara, kada ka yi saurin raba wa mutane gida-gida, don ba ka san wanda za ka kwana a cikinsa ba.