Rasuwar Ta-Isa, Cajar Keken Dalhatu

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da hancin da har yanzu bai rabu da ƙaurin roba ba, iyalan Malam Dalhatu mai faci na Unguwar Lalle suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Sabon Birni da Isa rasuwar cajar kekensa, wadda aka fi sani da Ta-Isa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a zauren gida, bayan gajeriyar rashin lafiyar da ba ta kai ƙiftawar ido uku ba. Ta bar duniya tana da shekara biyu da wata huɗu.

A kasuwar Isa Dalhatu ya samo marigayiya, ya taho da ita gida naɗe cikin buhun gero. Lokacin ya gama haɗa keken nan da duk unguwa ta sani: tsohon keken babansa, da tayar baya mai inji da aka kawo masa daga Kano, da batura huɗu da ya jera cikin akwatin katako ya rataya a tsakiya. 'Yan majalisa sun yi dariya har da riƙe ciki, suka sa wa keken suna Rumbu Mai Taya. Ran da Rumbu ya wuce su shiru, Dalhatu na bisa ya harɗe ƙafa ba ya taka komai, dariyar ta koma tari. Shi aka yaba, amma wadda ta ciyar da baturan nan huɗu har suka yi ƙarfin ɗaukarsa tana zaure a kan bulo, ba wanda ya ce mata sannu.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da tsirfa. Wutar solar maƙwabci Alhaji Jabir take sha, in an samu ta gode, in hadari ya rufe rana ta jira. Tana aiki idonta ja, in marayunta, wato baturan, sun ƙoshi sai ya koma kore. Duk maganarta a duniya ba ta wuce "zuuuu" ba, sai ɗan "tik" idan ta kammala. Har kaza ta taɓa mayar da ita wurin kwanci saboda ɗuminta, kwana tara, ba ta kai ƙara wurin kowa ba.

Amma babban alherinta yana wurin Inna Hadiyya, mahaifiyar Dalhatu. Tun shekarar da suka baro ƙauyensu na wajen Gatawa da gudu saboda 'yan bindiga masu babura, Inna ba ta iya jin ƙarar babur jikinta bai ɗauki rawa ba, balle a ce ta hau. Ga hawan jini, ga likita a Sabon Birni ya ce lallai ya gan ta ranar Alhamis duk bayan mako biyu. Keken nan da ba ya ƙara shi kaɗai take yarda ta hau. Dalhatu yakan ɗaura mata matashi a kariyar bayan keken, ta riƙe rigarsa, su ratsa ƙauyuka ba wata uwa da ta suri ɗanta ta ruga ɗaki. Wannan Alhamis ɗin da ke tafe ranar ganin likita ce, ga batura wayam.

Game da sanadin ajali, iyali sun ga ya kamata a faɗi gaskiya, tunda maganganu sun fara yawo a bakin rijiya.

Tun ranar farko Wakili mai gyaran rediyo ya ja wa Dalhatu kunne. Ya ce masa ya sa filogi mai shiga ta fuska ɗaya tak, yadda ko da gangan ba za a iya juya shi ba. Ya ce masa ya bar fiyus a kan wayar da ke zuwa batir, ya riƙa gwadawa da mita kafin ya haɗa, kuma kada ya kunna wuta sai ya gama haɗawa. Dalhatu ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya tafi ya yi abin da ya ga dama, kamar yadda ya saba tun yana ƙarami. Da wayoyin marigayiya suka gaza tsawo, sai ya ƙara su da wayar tsohuwar fanka, biyun duk baƙaƙe. Don ya gane wadda ke zuwa jan kan batir, ya tsinko jan zare daga kayan ɗinkin hular matarsa Zulaihatu ya ɗaura mata. Shekara biyu rayuwar Ta-Isa na rataye a wannan zaren.

Ranar Litinin Zulaihatu na sharar zaure ta ga zaren ya koɗe, ya yi dauɗa, abin kunya ga matar da ake yabon ɗinkinta har Gangara. Ta kwance shi don ta sa sabo. Sai tukunya ta yi bori a madafa. Da ta dawo, ga baƙaƙen wayoyi biyu kwance kamar tagwaye, ta ɗauki ɗaya ta ɗaura mata sabon zare, har da ɗan tuntu don ado. Washegari Dalhatu ya ga tuntu, ya ji daɗi, ya yi wa matarsa addu'a, ya haɗa. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "tas", sannan shuɗin tartsatsi, sannan hayaƙi.

Zulaihatu ta yini ba ta sa komai a bakinta ba, tana kuka tana cewa ita ta hana Inna zuwa asibiti. Dalhatu ya bar ta da ɗaukar laifin, kuma hakan bai yi masa kyau ba. Da la'asar Wakili ya zo ya buɗe cikin mamaciya a gaban jama'a. A mazaunin fiyus bai tarar da fiyus ba, sai silin waya a murɗe. Ashe tun daminar bara ya ƙone, Dalhatu ya ga tafiya Sabon Birni don abu kamar ƙwayar wake ɓata lokaci ne, ya ɗinke wurin da waya bai gaya wa kowa ba. Wakili ya ɗaga silin sama, ya dubi Dalhatu. Kunya ta rufe Dalhatu, kuma shi da kansa ya nemi a sa maganarsa cikin wannan sanarwa:

"Ku rubuta inda kowa ka gani. Ba zarenta ya kashe ta ba, gangancina ne. Da fiyus na nan, shi ka ƙonewa ita ta tsira. Zulai ba ta da laihi."

Iyali sun shaida haka. Suna kuma tunatar da jama'a cewa Zulaihatun nan ce ta ɓoye sifana bara, ran da Dalhatu ya rantse sai ya cire fedar keken don a cewarsa ya gama taka feda har abada.

Marigayiya ta bar batura huɗu, ɗaya ya kumbura a gefe yana jinya a shagon Wakili. Ta bar Rumbu Mai Taya jingine da bango, da kaza guda da har yanzu take zagaya bulon. Magajiyarta ba za ta iso daga Sakkwato ba sai mako mai zuwa, kuma Wakili ya ce ba zai miƙa ta ba sai ya liƙa fiyus da filogi da hannunsa, da waya ja da baƙa.

An ba Inna shawarar ta daure ta hau babur sau ɗaya. Ta ce: "In batir ya mutu, ƙahwahun ɗana ba su mutu ba. Bisa keke za ni."

An riga an yi wa Ta-Isa sutura da buhun da ta zo a ciki, an ajiye ta a saman rumbun hatsi. Ana karɓar gaisuwa a gindin dogon yaro, ƙofar shagon Wakili. Mai niyyar kawo goro ya kawo fiyus. Sadakar uku ta faɗo ranar Alhamis, sai dai mai rashi ba zai samu zama ba, don da sassafe zai sauke akwatin batura, ya ɗaura matashi a kariya, ya taka feda da Inna har Sabon Birni. Duk wanda ya cim musu a hanya a kan babur, iyali na roƙonsa don Allah ya kashe inji tun daga nesa, ya tura da hannu har sai ya wuce su.

Sanarwa daga Abbas, ƙanen mai rashi, a madadin iyali.