Ranar da Na Taka Rawar Jamusawa

Ɗiyata Hadiza ce za ta kaɗa gogen Turawa a taron makarantarsu, malamarta na bin ta da fiyano. Ta ce mini kiɗan rawar Jamusawa ne. Ni kuwa na san abin da ake yi da kiɗan rawa.

Ana farawa na miƙe, na baza babbar riga ina takawa. Sai da na yi juyi biyu na lura ni kaɗai ne a tsaye. Hadiza ta hango ni, kiɗan ya kuɓuce mata, suka koma farko.

Matata ta ja ni. "Alhaji, zauna. Nan saurare ake yi."

Har yau duk bikin da na shiga a Greensboro, sai wani ya ce, "Ku ba Bajamushe fili."