Rabin Jimlar da Waya Ta Kawo

"...ina gajiya kuma, tsohon da ya ƙi tafiya?"

"Ba gajiya, amaryata. In na tafi wa zai kwashe ki, mace da wuya a karye kullum kan waya?"

Jikar ta yi ɗan durƙuson da bai kai ƙasa ba, ta zube kan kujerar roba. Ɗalibar aikin gona ce a shekarar ƙarshe, jibi za ta kare kundinta gaban malamai. Jimlar da ta ɗora dukan aikin a kanta a intanet ta tsinto ta, malaminta kuwa ya ce ko ta kawo littafin da shafin, ko ta maimaita shekara. Kwana uku tana tambayar waya, waya na maido mata jimlar tsirara, ba uwa ba uba. Kakan nata tsohon ma'aikacin maɗaba'a ne, ya jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya dushe. Ba taimako ta zo nema ba, haushi ta zo saukewa kan wanda ba ya fushi da ita.

"Yau saurayin naki na aljihu ya ƙi kula ki ne?"

"Saurayina ya fi ka sani sau dubu. Kai ko hularka sai an nemo maka, tana bisa kanka."

"Shi ya sani. Ke fa? Ranar nan sai da kika danna shi kafin ki faɗi kwana nawa ƙwai ke yi ya ƙyanƙyashe. Manomiya guda!"

"Tabbatarwa nake yi!"

"To karanto min abin da ya gagare shi, in samu na dariya."

Ta karanta da gatse: "Inuwar bishiya a tsakiyar gona tana cinye rabin amfanin da ke ƙarƙashinta."

Tsohon ya daina kaɗa ƙafa. Ya lumshe ido, yatsunsa na dama suka fara tsintar wani abu a iska suna jerawa a tafin hagu.

"'Haka manoma da yawa ke faɗa,'" ya ɗora a hankali. "'Ni kuwa na auna gonaki goma sha tara, damina huɗu, ban ga haka ba.' Shafi na sittin da biyu, can ƙasa. Akwai harafi ɗaya mai karyayyen kai, ni na sa shi, don babu wani a akwatin."

"Kaka, bar wasa."

"Duba ƙarƙashin gado. Littafi mai koren bango."

Ta jawo littafin, ta hure ƙura, ta buɗe. Ga jimlar, ga sauranta, ga harafin nan da guntulallen kai. Tun tana rarrafe take ja wa mutumin nan gemu, ba ta taɓa sanin abin da yake ɗauke da shi a ka ba, sai ta ji kunya da mamaki sun rufe ta lokaci guda.

"Wato marubucin ƙaryata maganar ya yi? Ni kuma na ce shi ya faɗa?"

"Kin tare bawan Allah yana tsakiyar magana kin toshe masa baki. Halinki ne, haka kike min."

"Shekara arba'in fa da buga shi! Yaya aka yi ya zauna maka?"

"Abin da na ɗauka da yatsa, harafi-harafi, a juye, ina zai je? Ke kuwa yanko miki ake yi, ki haɗiye ba tauna." Ya girgiza kai. "Amma fa saurayin nan naki ya ba ni tsoro. Kwafi ɗari biyar kacal muka buga, a wani ɗaki mai yoyo. Ta ina littafin ya bi ya shiga aljihunki?"

"Ya shigo da rabi dai. Babi biyu zan rushe kafin jibi."

"Littafin shafi casa'in ne duka. Na ba ki shi kyauta, amma a nan za ki karanta, daga bango, da ƙarfi."

Ta kife wayar a kan tabarma, ta gyara murya ta fara. Ba ta yi nisa ba ya ɗaga yatsa.

"Koma baya, amarya. Kin tsallake layi."

Ta duba, haka ne kuwa. Ta fashe da dariya, ido cike da ƙwalla.

"Na sallama, tsoho. Kada ka kuskura ka tafi sai na gama."