Yadda Za Ka Sa Jami'ar Da Ba Ka Gama Ba Ta Roƙe Ka Gudummawa

Duk shekara jami'a kan bi tsofaffin ɗalibanta na nan Alƙahira da waya tana roƙon gudummawa, su yi ta mita. Kai kuwa wayarka tsit, don a shekara ta uku ka sulale, ga shi shekara goma sha biyar surukai na kiranka Injiniya. Kwantar da hankalinka. Matakan nan maƙwabcina Medhat mai sayar da tayil ya bi, kuma wallahi sai da aka kira shi.

1. Fi kowa mita

Ranar Juma'a a gidan surukinsa Dakta Ra'uf, ana zuba miyar mulukiyya, matar Medhat, Nefin, ta ce jami'a ta kira ta. Yayanta ya ce shi sau biyu. Medhat ya daki tebur. "Ni sau huɗu! Sai ka ce ni na rushe musu ɗakin karatu." Kada ka wuce huɗu, ƙarya ma tana son tsari.

2. Kira kanka

Saita ƙararrawar waya, ka fita baranda kana faɗa: "Haba baiwar Allah, bara ma na bayar!" Amma kashe ta tukuna. Medhat ya manta, ta sake kaɗawa a kunnensa yana tsakiyar masifa.

3. Yi kewar makaranta

Yawaita zancen mai shayin bakin ƙofa. Wannan ba zai ba ka wuya ba, ai a wurinsa ka yi shekara ukun.

4. Sayi benci

Wata rana surukin nasa ya dube shi ta saman tabarau. "Injiniya, ni ban taɓa jin muryarsu a wayarka ba." Washegari Medhat ya saya wa harabar jami'ar benci guda, ya bar lambarsa, ya ce a kira shi Juma'a da ƙarfe biyu.

5. Amsa a gaban kowa

Aka kira kuwa. "Baba, ga su nan kuma," in ji Medhat, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Malam Medhat, mun gode da benci," in ji matar ofis. "Mun nemi shekarar da ka gama don mu rubuta a jiki, sai muka ga saura maka darussa shida. Muna karɓar masu dawowa fa."

Nefin ta janye farantin nama daga gabansa. Dakta Ra'uf ya sunkuya kan wayar.

"Yaushe ake rajista, 'yata?"

"Lahadi."

"Ni zan kawo shi."

Gargaɗi

Na yi alkawarin za a kira ka, ban ce ga abin da za a faɗa ba. Wanda aurensa ya girgiza kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Medhat kansa ya daina gaishe ni. Yana can kan bencinsa da furfurarsa yana haddar lissafi, tsohon kuma na cikin mota a bakin ƙofa, ya ce ba zai sake yarda da kowa ba sai ya ga takarda.