Yadda Ake Buɗe Ƙofar Rawuta Don Burge Suruki

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin kafin sati ya zagayo shafinka na intanet zai buɗe tar, daga kwamfutar ɗakinka. Shamsuddeen na Kudan ya bi su babu tsallake, don haka da shi za mu yi misali.

1. Yi alkawari kafin ka san aikin

Wata uku Shamsuddeen ya yi yana koyon kwamfuta a Zariya, ya dawo da takardar shaida da jakar goyo. Surukinsa Alhaji Lado shi ne shugaban dillalan rake a Makarfi. Ranar da ya je gaishe shi, ya tarar yana ƙorafin masu saye na nesa sun hana shi sakat da kiran tambayar farashi. Daga durƙuson da yake ya ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne. Zan yi muku shafi, kowa ya ga farashi a wayarsa, ko a Legas yake."

Kai ma haka za ka yi. "Bari in bincika tukuna" maganar waɗanda ba su da takardar shaida ce.

2. Mayar da tsohuwar kwamfutarka saba

Saba ita ce kwamfutar da shafi ke zaune a cikinta, na waje su leƙo su gani. Manyan kamfanoni a ɗaki mai sanyi suke ajiye tasu. Kai ɗora taka kan akwatin matarka, ka tokare ta da bulo ta sha iska.

3. Shiga cikin rawuta

Kifa rawutar, wato akwatin wayifai ɗinka, za ka ga lambobi a gindinsa. Rubuta su a kwamfuta. Zai nemi suna da kalmar sirri, duka biyun waɗanda kamfani ya sa ne, kowa ya san su. Kada ka canza. Canzawa zargin maƙwabta ne, zargi kuwa ba kyau.

4. Buɗe ƙofar

Rawuta tana da ƙofofi masu lamba, ɗaya tal ake so ka nuna mata ta riƙa turo baƙi zuwa kwamfutarka. Shamsuddeen bai tabbatar da wacce ce ba, sai ya buɗe duka, sama da dubu sittin. Gidan mutunci ba ya rufe zaure.

5. Gwada a cikin ɗakinka kaɗai

Shafi ya buɗe, ga hoton rake, ga farashi. Shamsuddeen ya kira matarsa Mukarrama, 'yar Alhaji Lado, ta zo ta ga abin da mijinta ya yi. Ta duba, ta ce, "Baban Farida, kashe wayifai ɗin ka gwada da datar wayarka mana. Masu sayen ai ba a ɗakin nan za su zauna ba."

Ya ce, "Wannan ba dakan fura ba ne. Ki bar wa masu abu abinsu."

Ta koma madafi. In taka matar ta kawo irin wannan shawara, ka ba ta irin wannan amsa. Da ya gwada, da ya gane layin waya ne a cikin rawutar, kuma kamfani ya haɗa ɗaruruwan mutane kan adireshi ɗaya, kamar gidan haya. Ƙofar ɗakinsa ya buɗe, babbar ƙofar gidan tana hannun kamfani, a garƙame. Sanin wannan ɓata wa mutum rai kawai yake yi.

6. Tara jama'a

Ranar kasuwa Alhaji Lado ya tara dillalai a rumfa, har da Inuwa, babban mai saye da ke loda mota biyu duk sati. Ya nuna surukinsa da alfahari ya ce, "Ga ɗana nan, zai hutar da mu."

Shamsuddeen ya danna adireshin shafin a wayarsa. Wani ɗan zobe ya fito yana zagaye. Ya sake dannawa. Inuwa ya gwada a tasa wayar, ya ce, "Malam, nawa ma juyi yake yi."

7. Nemo mai laifi

Fara da sabis. Shamsuddeen ya ce sabis ɗin Makarfi ne ba shi da ƙarfi. Inuwa bai yi musu ba, sai ya kunna bidiyon dambe, ya tafi sumul. Daga nan ka koma kan hadari, in babu hadari ka ce maƙiya.

Alhaji Lado ya ce, "Malam Shamsu, shi shafin nan, a ina yake buɗewa?"

"A gida, Baba."

"To, madalla. Sai mu riƙa tura masu saye Kudan, Mukarrama ta shimfiɗa musu tabarma."

Ba wanda ya yi dariya a gabansa, saboda girman Alhaji. Sai da Shamsuddeen ya hau babur suka fara. Har yau in ya ratsa kasuwar, Injiniya Sai-a-gida suke kiransa.

Sanarwa: mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In suruki ya daina nuna ka a taro, ko ka shiga gida ka tarar da matarka ta ba ka baya a bakin murhu kafaɗunta na rawa don dariya, tana cewa hayaƙi ne, kada ka nemi lambata. Ni ma a gida kaɗai take shiga.