Asun da Ba Shi da Baki

"Gajiya ta bi lafiya, amaryata. Amma ajiye gwangwanin nan tukuna mu gaisa da kyau."

Jikan ne a bakin ƙofa, buhun ganye a kafaɗa. Kakarsa, tsohuwar tela da ta ƙi jinin asu kamar mutuwarta, tana tsaye a kan kwalinsa riƙe da maganin feshi. A kwalin kuwa fararen asun siliki ne masu shirin yin ƙwai, kuma su ke nan irin da ya rage masa.

"Amaryar wa?" in ji ta. "Mijin da ya kasa kiwon akuya ya koma kiwon tsutsa!"

"Tsutsar da ke fitar da zare daga bakinta. Ke fa, ko allura sai an zura miki."

"Ja'iri! Tun safe na buɗe musu taga, na ce su fita da mutuncinsu. Ko gezau. Zannuwana suke hari."

"Ba sa iya tashi. An daɗe ana kiwonsu a ɗaki, har fiffiken ya zama ado, kamar haƙoranki na roba."

"Haƙoran da suka fi naka aiki! Asu dai asu ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Da wane bakin za su ci zanen? Duk cinsu suna tsutsa suka gama shi, ganye zalla. Yanzu sai ƙwai, kwana kaɗan su mutu."

Ta gyara tabarau ta sunkuya, gwangwani na hannu. Wata mace daga cikin asun ta hau ɗan yatsanta, gashinta laushi kamar auduga, tana karkaɗa fiffike. Tsohuwa ta duba, ta sake dubawa.

"Ikon Allah! Ta yi aiki, za ta bar baya, kuma ba ta da baki."

"Irin matar da nake nema ke nan."

"Wa za ta yarda da kai? Ga ci, ga surutu, ba saƙa."

Ya ciro ɗan ƙullin zare daga aljihu ya miƙa mata. Ta ja shi, ta murza, ta ɗaga shi a haske. Ido ya ga abin da ya sani: silikin gaske ne.

"Na tsufa ina ɗinki da wannan, ban taɓa gode wa mai shi ba."

Ta cilla masa gwangwanin tana dariya.

"Fitar min da shi. Kuma rufe tagar nan, sakarai, kada iska ta kama min abokan sana'a."