Kalaba a Ƙarƙashin Hula

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na je Utai neman kome, wato roƙon a mayar mini da matar da na saka. Na tafi da babbar riga da babur sabo fil, na dawo da sunan da har yau tsofaffin garin ba su daina kirana da shi ba.

Lokacin nan ne kuɗin fetur suka fara malala a ƙasar nan. Ina ƙaramin akawu a wani ofis a Wudil, aka yi mana ƙarin albashi har da ariyas, kaina ya kumbura. Na sayi babur, na sayi tabarau (idona lafiyarsa lau), na ɗinka wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, sannan na tara suma irin ta 'yan birni da ake kira afuro. Sumar nan ta kai ta kawo, in na ɗora hula sai ta zauna a sama can tana lilo. Ni kuwa a ganina duk Sabon Gari babu wayayye kamata.

Matata Dije makitsiya ce, kuma gwana. Tun daga Indabo mata ke zuwa gidanmu ta yi musu shuku da zane. Da can ban taɓa ganin aibun abin ba, sai da na zama mai babur. Ran nan na dawo daga ofis na tarar da tsakar gida cike da mata, ga gashi a tabarmata. Bayan sun watse na ce daga yau an daina. Ta ce sana'arta ce. Na ce, "Wannan har sana'a ce? Kitso ai ko makaho ya iya." Magana ta ja magana, na ɗauki biro na rubuta saki ɗaya. Ta goya jaririnmu ta tafi gidan mahaifinta Malam Haruna. Na zauna ina jiran a zo a ba ni haƙuri (ni da na yi ɓarnar!) har idda ta cika.

'Yarmu ta fari ta zauna a wurina saboda makaranta. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwani nake ce mata. Shekararta bakwai, ga ta da gashi kamar uwarta, ga taurin kai kamar ubanta. Girki na koya, wanki ma na koya. Abu ɗaya ya gagare ni, shi ne kan Uwani. Tun da Dije ta tafi ta rantse ba mai taɓa mata kai sai Innarta. Maƙwabta suka lallaɓa, ta ƙi. Na kai ta wurin wata makitsiya a bayan kasuwa, ta kwanta a ƙasa tana birgima har mutane suka taru. Tsohon kitson da uwarta ta bar mata ya tsufa, ya cuɗe, ya dunƙule. Wata rana ta dawo daga makaranta tana kuka, wai malamarsu ta ce in ba a gyara ba za a yi mata ƙwal-kwabo. Na tsuguna na ce, "To Uwani, ni fa? Za ki yarda in taɓa?" Ta dube ni, ta share majina, ta ce, "Kai na yarda, Baba."

A zamaninmu 'yar fari ko sunanta ba ka faɗa a gaban mutane, balle ka zauna ka sa kanta a cinya. Sai na riƙa rufe ƙofar gida da sakata. Tsifa kaɗai ta ci mana yammaci guda, ni da ita duk muna gumi. Da aka zo kitson, na ga ta kaina. Igiya uku ce kawai, amma in na riƙe biyu sai ta ukun ta gudu. Tsagata kuwa kamar hanyar shanu. A nan ne, da man shanu har gwiwar hannu, na fara tuna maganar makaho, na kuma gane cewa ba kan Uwani kaɗai ne ya cuɗe a gidan ba. Na yi kewar Dije, kewa mai tsanani. Na je na sami ƙanin mahaifina, Baffa Idi, na ce ya taimake ni. Ya yi mini tatas, sannan ya aika Utai aka sa mana Lahadi. Ya kuma gargaɗe ni cewa bazawara mai sana'a ba ta rasa manema, har an ce wani dillalin shanu ya fara kai gaisuwa.

Da safiyar Lahadin na ce bari in gyara wa Uwani kai, kada uwarta ta gan ta haka. Na yi, na warware, na sake yi. Yarinya ta gaji ta ce, "Baba, ba haka Inna take yi ba. Zauna in nuna maka a kanka, ka ji yadda hannu yake tafiya." Da yake rabon a yi ne, na zauna a kan turmi na miƙa mata afuro. Ta tsaga, ta ja, ta kitsa. Kalaba ta yi mini, irin wadda kowane silli ke tsayuwa da kansa, kuma duk wanda ta gama sai ta ɗaure bakinsa da jan zaren da uwarta ta bari a gwangwani, ta ƙulle tamau. Ina jin yatsunta ina gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Tana ƙulla na ƙarshe sai ga sallamar Baffa a ƙofar gida.

Na ja zaren nan, ko gezau. Baffa yana ta buga ƙofa yana cewa rana tana yi. Nan take dabara ta zo mini (irin dabarar da ba ta zuwa sai ga wanda Allah ya so ya tona). Na yi wuf na yi alwala, na kifa hula, na ce a raina zan riƙe alwalar nan har mu dawo, ba abin da zai sa in cire hula a Utai. Hular kuwa ta zauna daram, karo na farko tun da na saye ta. Baffa yana ganina ya washe baki.

"A'a! Ka aske dajin nan? Madalla. Lallai ka fara hankali."

Na ce, "To, Baffa." Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Muka hau babur, Uwani a gaba da ɗan kallabinta, Baffa a baya yana salati duk ramin da muka faɗa. Da muka isa, Uwani ta ruga cikin gida wurin uwarta, mu kuma aka yi mana shimfiɗa a zaure. Malam Haruna mutum ne mai ilimi, mai ƙarancin magana, irin wanda in ya dube ka sai ka fara tuno laifuffukanka. Ga ƙannensa biyu, ga liman, ga wasu dattawan unguwa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi damina, aka tambayi mutanen Wudil ɗaya bayan ɗaya. Azahar ta yi, aka miƙo mini buta, na ce, "Ina da alwala." Har liman ya dube ni da alamar yabo.

Bayan salla aka kawo fura da nono a ƙwarya, mai sanyi, an dama ta da hannun da na sani. Wata da watanni ina cin jagwalgwalon kaina. Na sha ludayi ɗaya don ladabi, na sha na biyu don kewa, daga nan ban san inda lissafi ya tsaya ba.

Sai aka shiga magana. Baffa ya yi iya yinsa, ya kawo ayoyi, ya kawo zumunci, ya kawo yara. Malam Haruna ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Idi, ba mu ƙi ta taku ba. Amma bazawara ita ke da kanta. Na tambaye ta, ta ce ba ta komawa gidan da aka raina abin hannunta. Ni kuwa ba zan tilasta mata ba." Ina zaune ina kallon tabarma, ina tunanin yadda zan koma gida da yarinyar nan mu biyu, ɗana kuma ya tashi a gidan dillalin shanu. A daidai wannan lokaci na baƙin ciki ne fura ta yi aikinta. Ba wanda ya ji, amma ni na sani, Allah ma ya sani, alwala ta tafi.

Aka kira la'asar. Malam Haruna ya ɗauki buta biyu, ya dube ni ya ce, "Ko har yanzu tana nan?"

Wallahi Shaiɗan ya raɗa mini in ce tana nan. Amma in tsaya gaban Ubangiji ba tsarki saboda hula? Na ce, "A'a Baba, sai na sake." Na karɓi buta zan zagaya bayan katanga, ya nuna mini dutsen da ke kusa da nasa a ƙofar masallaci, ya ce, "Zauna nan." Girmamawa ce, ba a ƙin ta. Dattawa suka jeru hagu da dama.

Na wanke hannu a hankali. Na kurkure baki kamar mai ciwon haƙori. Na wanke fuska, na wanke damatsa, ina jan lokaci ko za su gama su shige. Ba wanda ya motsa. Da na zo shafar kai sai na jiƙa hannu na ɗan cusa yatsu ta ƙarƙashin hula.

"Malam," in ji surukina, ko juyowa bai yi ba, "shafar kai daga goshi take zuwa ƙeya. Cire hular."

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cire.

Kalabar nan da ta sha matsi tun safe ta miƙe tsaye, kowace ta kama gabanta, jan zare yana reto a bakinta. Butar liman tana ta zuba a ƙasa bai sani ba. Baffa ne ya fara magana, da wata siririyar murya: "Innalillahi. Ni da na yaba maka aski!" Sai wani tsoho ya ƙyalƙyale, shi ke nan aka ɓarke. Har da masu riƙe ciki. Ni kuwa ga tabarau, ga babbar riga, ga kalaba, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam Haruna ya ce, "Shafa mana, kada gaɓɓanka su bushe." Na shafa, ina jin ƙullin zare a tafin hannuna. Da na wanke ƙafa ya tambaye ni a hankali, "Wa ya yi maka?"

"Jikarka ce, Baba."

"Saboda me?"

Na gaya masa duka, tun daga birgima a bayan kasuwa har zuwa turmin da na zauna a kai da safe. Na ce koyo nake, don ba ta yarda da hannun kowa, kuma har yau ban iya ba. Dariyar mutane ta lafa. Malam Haruna ya dube ni, sannan ya ce, "A tayar da salla."

Da aka idar ya shiga cikin gida shi kaɗai. Jim kaɗan muka ji shewar mata ta tashi har zaure. (Daga baya na ji cewa Dije ta riga ta cire wa Uwani kallabi, ta ga hanyar shanun da na tsaga, ta tambayi wanda ya yi wannan ɗanyen aiki, aka gaya mata, ta riƙa shafa kan yarinyar.) Can Malam ya fito ya zauna.

"Ta ce in tambaye ka, wai makaho ya iya?"

Na ce, "Baba, a gaya mata mai ido huɗu ma ya kasa."

Gemunsa ya ɗan motsa. Ya ce, "To, ta ce kada ka kai wa wanzami, kada kuma ka ja da kanka, ƙullin yara sai wanda ya san kan abin. Ita za ta tsefe da hannunta. Ni kuma na ce mata a gidana ba a taɓa kan namiji sai da igiyar aure. Malam Idi, Juma'a mai zuwa ta yi muku?"

Baffa ya ce ta yi, tun kafin a rufe baki. Ni kuwa hawaye nake, ina ta godiya kamar wanda aka ba kujerar Makka.

Haka na yi makon nan a ofis da hula har kunne, ina zuwa alwala can bakin kogi inda ba wanda ya san ni. Ranar da Dije ta dawo, bayan baƙi sun watse, ta zaunar da ni a kan turmin nan ta ɗauko kibiyar tsifa. Ba zan ce ta yi mini a hankali ba. Duk sillin da ta warware sai ta ce, "Sana'a ce ko ba sana'a ba ce?" ni kuma in ce, "Sana'a ce." Washegari na kai wa wanzami sauran, na kuma sa aka kafa mata rumfa a tsakar gida don masu zuwa kitso.

Malam Haruna ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Da ya yi dariya a ranar nan, da na hau babur na gudu, da ban sake taka Utai ba. Sai bayan shekaru surukata ta gaya mini cewa da ya shiga gida, bayan rumbu ya fara zagayawa ya yi dariyarsa har da tari, ya goge ido, sannan ya je wurin 'yarsa. Ban san irin wannan karamci ba sai a wurinsa.

Yau sanƙo ya cinye inda afuro ya zauna, Uwani tana da jikoki, amma in na je Utai gaisuwa har yanzu sai na ji wani tsoho ya ce, "Maraba da Mai Kalaba." Nakan amsa da fara'a. Girman kan da ya kore mini mata, 'yar shekara bakwai ce ta kitse shi ya shige hula. Abin da nake gaya wa samari shi ne, kada ka raina sana'ar da ba ka taɓa gwadawa ba. In kuma ka je gidan surukai da abin ɓoyewa a ƙarƙashin hula, aka kawo fura, ka ce ka ƙoshi.